Wa ke riƙe da tiya? Yadda gundumomi 23 na jahar Texas suka nemi sake ma'aunin karatu

A watan Yuni na 2013, cikin mako guda, gwamnan jahar Texas ta ƙasar Amurka, Rick Perry, ya yanke hukunci a kan dokoki biyu da suka shafi makarantu. Ta farko ya sa mata hannu, ta rage yawan jarrabawoyin da sai ɗalibi ya ci su kafin a ba shi takardar kammala sakandare daga 15 zuwa 5. Ta biyu kuwa ya hau kujerar na-ƙi a kanta, alhali majalisun dokokin jahar guda biyu duk sun amince da ita. Ita wannan ta biyun ba jahar duka ta shafa ba. Gundumomin ilimi 23 ne kacal, daga cikin fiye da 1,000, suka haɗa kai suka roƙi a ba su dama su gwada wata hanyar auna karatun yara da tantance makarantu, in ta yi kyau kowa ya ɗauka, in ba ta yi ba a watsar. Gwamna ya ce a'a.

Duk malamin da ya taɓa tsayawa cikin taron iyaye ranar da ake shelar sakamakon BEPC ya san yadda lamba ɗaya take haɗiye aikin shekaru. Kashi nawa suka ci? Daga amsar nan ake yanke wa makaranta hukunci. Ba mai tambayar yara nawa aka fara da su, nawa suka zube a hanya, ko me waɗanda suka ci ɗin suka iya. Texas na cikin jahohin da suka fara gina komai a kan irin wannan lamba, kuma ta fi shekara arba'in tana fama da abin da ya biyo baya. Tambayar da ke cikin tarihinta irin ta kasuwar hatsi ce: wa ke riƙe da tiya, kuma wa ke duba tiyar mai awo?

Sai dai kafin mu shiga labarin, ya kamata a fahimci abin da ake nufi da gundumar ilimi a can, don ba irin tsarinmu ba ne. A nan Nijar ma'aikatar ilimi da ke Yamai ce ke tsara manhaja, ta ɗauki malamai ta tura su, insifekta kuma wakilinta ne. A Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantu ba. Ilimi alhakin jaha ne, jaha kuma ta rarraba aikin ga gundumomi. Kowace gunduma tana da kwamiti wanda mazauna wurin ke zaɓa da ƙuri'a. Kwamitin ne ke aza harajin gidaje da filaye da ake tafiyar da makarantu da shi, shi ke ɗaukar shugaban gunduma aiki, shi kuma ke sallamarsa. Texas na da ɗalibai fiye da miliyan 5 a makarantun gwamnati. Akwai gunduma irin ta birnin Houston da a 2013 take da ɗalibai wajen 200,000, akwai kuma irin Guthrie, ta masu kiwon shanu, mai yara ɗari da ƴan kai. Saboda haka rigimar da za mu gani tsakanin hukuma biyu ce, kowace da ƙuri'ar jama'a a bayanta: ta jaha a birnin Austin, da ta gari.

Yadda jarrabawa ta koma bulala

Texas ta fara yi wa ɗalibanta jarrabawar bai-ɗaya a 1980, mai suna TABS. Karatu da rubutu da lissafi kawai take aunawa, kuma faɗuwa cikinta ba ta jawo wa kowa wani babban hukunci. Abin ya sake a 1984. Shekara guda kafin nan an fitar da wani rahoto a Washington da ya ce ilimin Amurka na cikin haɗari, sai gwamnan Texas na lokacin, Mark White, ya ɗora attajirin nan Ross Perot a kan kwamitin gyara. Dokar da ta biyo baya ta ƙara wa malamai albashi, ta ƙayyade yara 22 a kowane aji na ƙananan azuzuwa, ta ce ɗalibin da ya faɗi darasi ba zai buga wa makarantarsa wasa ba, ta kuma wajabta cin jarrabawar fita kafin samun takardar sakandare. Malamai ma ba su tsira ba. A watan Maris na 1986 aka zaunar da fiye da 200,000 daga cikinsu jarrabawar karatu da rubutu. Kusan dukansu sun ci, amma ba su manta da cin fuskar ba, kuma a zaɓen ƙarshen shekarar White ya sha kaye.

A 1990 aka kawo sabuwar jarrabawa mai suna TAAS. A 1993 majalisa ta kafa tsarin ba kowace makaranta da kowace gunduma daraja bisa sakamakonta, daga mafi kyau zuwa mai rauni. Akwai abu guda a tsarin nan da ko masu sukarsa suke yaba masa. Ba matsakaicin makin makaranta kawai ake dubawa ba. Ana ware sakamakon baƙar fata, da na ƴan asalin Latin Amurka, da na farar fata, da na ƴaƴan talakawa, kuma rukunin da ya fi rauni shi ke janyo darajar makaranta ƙasa. Makarantar da a da take ɓoye faɗuwar ƴaƴan talakawa a bayan makin ƴaƴan masu hali ta rasa wurin ɓuya.

Sakamakon TAAS ya yi ta hawa shekara bayan shekara. George W. Bush, wanda ya zama gwamna a 1995, ya shiga takarar shugaban ƙasa a 2000 yana nuna wannan hawan, har ƴan jarida suka raɗa masa suna mu'ujizar Texas. Da ya ci zaɓe sai ya ɗauko shugaban gundumar Houston, Rod Paige, ya ba shi ministan ilimi. Ran 8 ga Janairu 2002 ya sa hannu a kan dokar da ake kira "Kada a bar yaro ko ɗaya a baya", wadda ta shimfiɗa tsarin Texas a kan ƙasar duka: a jarraba kowane yaro a karatu da lissafi kowace shekara daga aji na 3 zuwa na 8, a ƙara sau ɗaya a sakandare, kuma nan da 2014 kowane yaro ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa, hukunci na jiranta mataki-mataki, har zuwa sauya malamanta ko rufe ta.

Abin da ke ƙarƙashin mu'ujiza

Tun kafin zaɓen na 2000 wasu masana suka fara tambaya. Amurka na da wata jarrabawa ta ƙasa mai suna NAEP, wadda ba kowane yaro ke yi ba. Samfuri ake ɗiba, kuma ba a hukunta malami ko makaranta a kanta, don haka ba wanda ke ɓata lokaci yana shirya mata yara. Masu bincike na cibiyar RAND suka gwada sakamakon biyun, suka ga hawan da ake gani a TAAS ya fi na NAEP nesa ba kusa ba. Wani malamin jami'a a Boston, Walt Haney, ya nuna yadda yara da yawa, musamman baƙar fata da ƴan Latin, ake sa su maimaita aji na 9, wato ajin da ke kafin na jarrabawar fita, wasu kuma daga nan suke barin karatu.

A 2003 abin ya fito fili a Houston kanta. Wata makarantar sakandare, Sharpstown, ta ba da rahoton cewa ko ɗalibi ɗaya bai bar karatu ba cikin shekara. Da hukumar ilimin jaha ta binciki makarantu 16 na birnin, sai ta ga daga cikin ɗalibai wajen 5,500 da suka fita, fiye da rabi ya kamata a rubuta su cikin waɗanda suka watsar da karatu, amma an rubuta su da wasu dalilai. A birnin El Paso, kan iyaka da Meziko, an yi abin da ya fi haka muni. An riƙa hana yara masu rauni zama ajin da ake jarrabawa, wasu a tsallake da su, wasu a riƙe su baya, wasu a matsa musu har su tafi. A watan Oktoba na 2012 kotu ta ɗaure shugaban gundumar, Lorenzo García, shekara uku da rabi.

Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya faɗa wannan tarko. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Donald Campbell, ya yi gargaɗi tun cikin shekarun 1970 cewa duk lambar da aka ɗora wa nauyin yanke hukunci, mutane za su koma yi wa lambar aiki, har ta daina nuna abin da aka ƙirƙiro ta don ta nuna. In abincin darakta ya rataya a kan kashi nawa suka ci, hanya biyu ce gabansa: ya koyar da mai rauni, wanda ke cin lokaci da kuɗi, ko ya fitar da shi daga lissafi, wanda ba ya cin komai. A cikin aji ma haka ne. Abin da ba ya fitowa a jarrabawa, irin zane da waƙa da gwajin kimiyya da hannu da doguwar muhawara, shi ake fara yankewa.

Amsar da majalisa ta bayar ita ce ƙarin jarrabawa. TAKS ta maye gurbin TAAS a 2003. A 2007 aka yi dokar jarrabawar ƙarshen kowane babban darasi a sakandare, wadda ta fara aiki da sunan STAAR a shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012. Jimla 15 ke nan kafin yaro ya kammala, kuma makin kowace ya zama kashi 15 cikin 100 na makin darasin a makaranta. Kamfanin Pearson da ke shirya takardun yana riƙe da kwangilar shekara biyar ta kusan dala miliyan 500. A 2011 ɗin kuma majalisa ta zabtare dala biliyan 5.4 daga kuɗin makarantu. An ƙara nauyi, an rage guzuri.

Shugabannin gundumomi sun zauna tare

Tun 2006 wasu shugabannin gundumomi su 35 suka fara haɗuwa a kai a kai. Ba hukuma ce ta kira su ba. Sun lura cewa duk lokacin da majalisa ta zauna, aikinsu bai wuce cewa "ba mu yarda ba", ba su taɓa kawo nasu tsari ba. Shekara biyu suna zama, suna gayyato masana, suna gardama, har a 2008 suka fitar da wata takarda ta sabon hange ga ilimin jahar, ƙarƙashin ƙungiyar shugabannin makarantu ta Texas, TASA. Babi shida gare ta: koyo ta hanyar kwamfuta da intanet, sabbin mizanan karatu, awon da ke taimaka wa koyo, tantance makarantu, sake fasalin makaranta kanta, da daidaita iko tsakanin jaha da gari.

Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce ga duk mai riƙe da alli. Manhaja ta yi yawan da malami gudu yake a kanta, ba ya tsayawa har yaro ya gane, don haka a zaɓi abubuwan da suka fi muhimmanci a nutsa cikinsu. Jarrabawar rana ɗaya, wadda yawancinta zaɓen amsa ne daga huɗu, ba ta nuna ko yaro zai iya rubuta hujja ko ya warware matsalar da bai taɓa gani ba, don haka a haɗa da aikin da ya yi cikin shekara. Sakamakon da ke zuwa bayan an rufe makaranta ba ya amfanar malamin da ya koyar da yaron. Sannan makaranta ta fara ba da bahasi ga mutanen da ke biyan harajinta suna kawo mata ƴaƴansu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2011 suka samu majalisa ta yi doka mai lamba SB 1557, wadda ta kafa gamayyar gundumomi masu ƙwazo ta Texas. Aikinta shi ne ta ba gwamna da majalisa da kwamishinan ilimi shawara a kan sabbin mizanan karatu da awo da tantancewa. Dokar ta iyakance ɗaliban gamayyar, kada su wuce kashi 5 cikin 100 na ɗaliban jahar. A watan Satumba na 2012 kwamishina Michael Williams ya zaɓi gundumomi 23. Akwai na masu hali a kewayen Dallas da Austin, irin Highland Park da Coppell da Eanes. Akwai Harlingen da McAllen a kudu kusa da Meziko, inda mafi yawan yara ƴan Latin ne kuma talakawa. Akwai na karkara irin Roscoe da Guthrie ɗin nan da muka ambata.

Lokacin ya zo musu daidai, don jahar ta riga ta ɗauki zafi. A farkon 2012 kwamishinan da Williams ya gada, Robert Scott, ya tsaya gaban taron shugabannin makarantu ya ce an karkatar da jarrabawa daga manufarta ta asali. Mutumin da ke riƙe da tiyar ne da kansa ya faɗi haka. Kwamitin gundumar Clear Creek, kusa da Houston, ya zartar da ƙudurin kokawa da yawan jarrabawa, sauran suka bi sahu har suka haura 800. Wasu iyaye mata suka kafa ƙungiya mai suna TAMSA, suka riƙa cika zauren majalisa duk ranar da ake sauraren bahasi. Wannan matsin ne ya haifi dokar HB 5, wadda ɗan majalisa Jimmie Don Aycock, likitan dabbobi, ya gabatar. Ita ce ta mayar da jarrabawa 15 zuwa 5, wato lissafin aljabra, Ingilishi biyu, ilimin halittu da tarihin Amurka, ta kuma soke ƙa'idar kashi 15.

Gamayyar kuwa abin da ta nema dabam ne. Dokar da ta kafa ta ta ba ta bakin shawara, ba ta ba ta hannun gwaji ba. Malaman gundumomi 23 ɗin suna nan suna bin manhaja ɗaya da jarrabawa ɗaya da kowa, to da me za su nuna cewa wata hanyar ta fi? Ƙudurin HB 2824 ya nemi a sassauta musu na ƴan shekaru: su rage jarrabawar jaha, su tsaya a kan zaɓaɓɓun mizanai, su gwada nasu awon, masu bincike daga waje su duba abin da ya fito. Shi ne Perry ya ƙi ran 14 ga Yuni. Dalilin da ya bayar shi ne cewa sabon tunani na da kyau, amma ba zai yarda a cire wasu gundumomi daga ma'aunin da ake auna kowa da shi ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

A matsayina na malami zuciyata na wajen gundumomin, amma rashin adalci ne a ce gwamna da masu goyon bayansa ba su da abin faɗa. Ƙungiyar ƴan kasuwa ta Texas ta daɗe tana cewa masu neman a rage awo gudun bahasi suke yi. Wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da ƴan Latin ma, waɗanda ba su cika shan inuwa ɗaya da ƴan kasuwa ba, sun ji tsoron abu guda: kafin a fara ware sakamako rukuni-rukuni, yaran talakawa na faɗuwa ba mai gani. In aka bar kowace gunduma ta ƙera tiyarta, ta yaya uwa a McAllen za ta san ko "ya yi kyau" da aka rubuta wa ɗanta daidai yake da "ya yi kyau" na Highland Park? Kuma wanda aka ce ya ba kansa maki ba ya kayar da kansa. Ga shi kuma da yawa daga cikin gundumomin gamayyar na unguwannin masu hali ne, abin da ya sa buƙatar ta yi kama da ta masu ƙarfi da ke son a ɗaga musu ƙafa.

Wannan tambaya ce wasu wurare biyu suka amsa, suka kuma samu abin da Texas ta rasa. A jahar Kalifoniya gundumomi takwas, ciki har da Los Angeles da San Francisco da Oakland da Fresno, masu ɗalibai wajen miliyan guda, sun haɗu cikin gamayya mai suna CORE. A watan Agusta na 2013, wata biyu bayan na-ƙin Perry, ministan ilimi Arne Duncan ya ɗage musu wasu sharuɗɗan dokar tarayya, karo na farko da aka yi wa gundumomi haka ba jaha ba. Ma'auninsu ya ba sakamakon karatu kashi 60, sauran 40 kuma ya tafi ga abubuwa irin yawan fashin makaranta, yawan korar yara na ɗan lokaci, da ra'ayin ɗalibai da iyaye da malamai a kan yanayin makaranta. Sun zuba bayanansu wuri ɗaya yadda kowace gunduma ke ganin na ƴar uwarta. Sun haɗa makaranta mai rauni da wata mai irin yaranta da ta fi ta ci gaba. Sun kuma rage adadin da rukuni zai kai kafin a ware sakamakonsa daga yara 100 zuwa 20, abin da ya fito da dubban yaran da a da ba sa cikin lissafi. Wato ta fuskar da ake jin tsoro, sun ƙara tsanani ne.

A ƙaramar jahar New Hampshire kuwa, a watan Maris na 2015 aka amince wa gundumomi huɗu su gwada tsarin PACE. Yaro na yin jarrabawar jaha sau ɗaya a firamare, sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a sakandare. Sauran shekarun ana auna shi da ayyukan da malamai suka tsara, wasu daga ciki iri ɗaya ne a duk gundumomin. Lokacin hutu malaman gundumomi dabam-dabam sukan zauna su yi musayar takardun yara, kowa ya duba na wani, a ga ko hannun wani ya fi sauƙi. A watan Disamba na shekarar, sabuwar dokar tarayya da Barack Obama ya sa wa hannu ta buɗe ƙofa ga jahohi har bakwai su gwada irin wannan.

Bayan na-ƙi

A Texas gamayyar ba ta mutu ba. Ta ci gaba da rubuta rahotanni ga majalisa, ta gayyato wasu gundumomi su yi aiki tare da ita, daga baya kuma wasu gommai suka haɗu suna tsara rahoton da gunduma ke gabatar wa mutanen gari: me muka yi alkawari, ina muka kai, ina muka gaza. Dokar HB 5 ta ba gundumomi dama su auna kansu a fannoni takwas, irin fasaha, lafiyar jiki, koyon harshe na biyu da shigar iyaye cikin harkar makaranta, amma a 2017 aka soke wannan. A madadinsa aka yarda makarantar da ke da daraja mai kyau ta haɗa nata awon da na jaha, bisa sharaɗin na jahar kada ya gaza rabi.

Babban ma'aunin kuwa ƙara ƙarfi ya yi. A 2015 majalisa ta amince a riƙa ba makarantu harafi daga A zuwa F, aka fara da gundumomi a 2018, makarantu a 2019. A shekarar ta 2015 aka yi wata doka, HB 1842, mai fuska biyu. Ta ba gunduma dama ta kira kanta gundumar ƙirƙira, ta fita daga wasu ƙa'idoji kamar ranar buɗe makaranta da yawan yara a aji, kuma ɗaruruwa sun karɓa. Amma jarrabawa da tantancewa ba sa cikin abin da ake iya fita. Dokar dai ta ce in makaranta ɗaya ta faɗi shekara biyar a jere, kwamishina zai rufe ta ko ya karɓe gundumar gaba ɗaya. Da wannan ne a 2023 jahar ta ture zaɓaɓɓen kwamitin Houston, gunduma mafi girma a Texas, ta naɗa nata mutane, bayan da makarantar Wheatley ta yi ta faɗuwa. Birnin da aka ɗauko mu'ujizar daga cikinsa, ma'aunin da ya ɗaga sunansa ne ya raba mutanensa da ikon zaɓen masu kula da makarantunsu. A shekarar kuma gundumomi fiye da 100 suka kai hukumar ilimi kotu saboda ta sauya ƙa'idar ba da harafi, sakamakon 2023 bai fito ba sai a 2025.

Mu fa?

Ba na cewa mu kwafo Texas ko Kalifoniya. Malamin da ke da yara tamanin cikin ajin zana ba damuwarsa ɗaya da na Coppell ba, kuma mu ba yawan jarrabawa ne ciwonmu ba. Amma akwai abubuwa da muka sani a jikinmu. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda, in jarrabawa ta ƙarato, ake kiran iyayen yara masu rauni a ce su yi wa ƴaƴansu rajista da kansu, ba da sunan makaranta ba, don kada lamba ta sauka. Shekarar nan mun samu yabo. Yaran da aka cire kuwa ba wanda ya sake tambayar inda suka ƙare. El Paso ke nan, sai dai babu kotu.

Mun kuma san amfanin awon da ya zo daga waje. Binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin karatu da ake buƙata ba a ƙarshen firamare. Abin ya yi ɗaci, amma ba wanda ya yi maguɗinsa, don samfuri aka ɗiba kuma ba albashin kowa da ya rataya a kai. Da rahotannin makarantu kaɗai aka dogara da su, da ba mu ga wannan hoton ba. Awon waje na faɗin gaskiya muddin ba a ɗaura masa bulala ba.

Kayan aikin haɗin kai ma muna da su. Muna da zaman CAPED, inda malaman makarantun yanki ɗaya ke haɗuwa. Muna da kwamitocin iyaye masu kula da makarantu, waɗanda aka fara ƙarfafawa a jahar Tahoua a 2004 tare da tallafin Japan kafin su bazu a ƙasar, suna kuma da tarayyarsu a matakin ƙaramar hukuma. Ba sai an jira doka daga Yamai ba kafin makarantu biyar ko shida su yarda a kan aiki guda na karatu da lissafi, su ba yaransu a mako ɗaya, sannan malamai su yi musayar takardu, kowa ya duba na maƙwabcinsa. A rubuta yara nawa aka fara da su a watan Oktoba da nawa suka rage a watan Yuni, a karanta wa iyaye duka a taron kwamiti, mai daɗi da marar daɗi. Gundumomin Texas sun nemi izinin gwaji aka hana su, ba su samu hujjar da za su nuna ba. Mu a wannan matakin ba wanda ya hana mu, kuma ranar da za mu je gaban insifekta ko ministan ilimi mu ce ma'auninku bai isa ba, gara mu je da takardun yara da hannu biyu suka duba. Allah ya sa mu dace.